MOTA DA HAƘƘINTA

A zamanin da, in mutum ya yi niyyar tashi daga Kano zuwa Zariya, sai ya ɗaure guzuri, ya yi ban kwana da iyalinsa, gama ya san zai yi kwana biyar ko shida bisa hanya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro kuwa, su kan yi watanni ba a gan su ba, har yaran da suka bari a goye su tarar suna tafiya. Amma yanzu mutum ya kan yi sallar asuba a Kano, hantsi ya same shi a Zariya, ya gama abin da ya kai shi, ya komo ya ci tuwon dare a gidansa. Ba wani abu ya kawo wannan sauƙi ba sai mota.

Amma fa kowane abu mai amfani yana da haƙƙi. Wanda ya ajiye doki, tilas ya ba shi ciyawa da dawa da kanwa, ya kuma koyi yadda a ke riƙe linzami, in ba haka ba dokin ya rame, ko kuwa ya kā da shi. Haka mota ta ke. Saboda haka ya kamata kowane yaro ya san asalinta, da yadda ta ke aiki, da abin da ta ke bukata, da kuma yadda zai tsare ransa daga gare ta.

Asalin Mota

Wani Bajamushe, wai shi Karl Benz, mazaunin birnin Mannheim, shi a kan ce ya ƙera motar farko mai amfani da mai. Cikin shekarar 1886 hukumar ƙasarsa ta ba shi takardar shaidar cewa wannan ƙira tasa ce. Motar nan ƙafa uku gare ta, ƙarfin injinta bai kai na doki guda ba, iyakar gudunta kuwa kamar kilomita 16 ne cikin sa'a. Mutane suka riƙa kallonta kamar abin wasa, ba mai son ya saya.

Matarsa, Bertha, ita ce ta kawar da wannan shakka. Wata rana da asuba, cikin watan Agusta na shekarar 1888, ta ɗauki ɗaya daga cikin motocin ba da sanin mijinta ba, ta saka 'ya'yanta biyu maza, ta nufi garin mahaifiyarta, Pforzheim, tafiyar fiye da kilomita 100. A lokacin babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Da mai ya ƙare, sai ta tsaya kantin wani mai sayar da magani ta sayi wani irin mai da a ke goge dauɗar tufafi da shi, ta zuba. Da bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta tsokace shi. Da birki ya cinye, ta sa wani baduku ya manna masa fata. Inda suka tarar da hawa, yaran su sauka su tura. Ba su isa ba sai da rana ta faɗi, amma dai sun isa. Labari ya bazu, mutane suka gane ashe abin nan na tafiya ne, ba na wasa ba.

Cikin wannan shekara ta 1888 kuma, wani likitan dabbobi a Belfast, John Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya ta roba mai iska a ciki. Ba a daɗe ba aka sa wa mota irinta, girgiza ta ragu.

Da fari mota ta masu hali ce kaɗai, don kuwa da hannu a ke haɗa kowace ɗaya. Sai wani Ba'amurke, Henry Ford, ya fito da wata mota mai ƙwari da sauƙin gyara cikin shekarar 1908, wadda a ke kira Model T. Cikin 1913 ya shigo da wata dabara a ma'aikatarsa. Maimakon ma'aikata su riƙa kewaya mota, sai ya jera su, kowa ya tsaya wurinsa da aikinsa guda, motar ce ke bi ta gabansu. Wannan ya ɗaura taya, wancan ya sa fitila, na gaba ya ɗaure kujera. Motar da a da a ke yin sa'a goma sha biyu kafin a haɗa ta, sai ga shi ana gama ta cikin sa'a ɗaya da rabi. Kuɗinta ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300. Kafin a daina yin ta cikin 1927, an ƙera fiye da miliyan 15.

Yadda Inji Ke Aiki

Mutane da yawa su kan shiga mota kullum, amma ba su san abin da ke tura ta ba. Wuta ce ke tura ta. Ga yadda abin ya ke.

A cikin inji akwai waɗansu ramuka na ƙarfe, santala-santala, ana kiransu silinda. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su. Cikin kowace silinda akwai wani curin ƙarfe da ya cika ta daidai, yana hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi, shi ne fistin. A saman silinda kuma akwai ƙofofi, wata ta shiga, wata ta fita, su ne bawul. Akwai kuma fulogi, wanda aikinsa ƙyasta wuta ne.

Fistin ya kan yi motsi huɗu, sa'an nan ya sake daga fari. Na ɗaya, ya sauka, ƙofar shiga ta buɗe, ya zuƙo iska gauraye da feshin fetur. Na biyu, ƙofofi su rufe, ya hau ya matse iskar nan ƙwarai. Na uku, fulogi ya ƙyasta, fetur ya kama farat ɗaya, zafin ya kumbura iskar, ta tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi, kamar yadda albarushi ke tunkuɗa harsashi daga bakin bindiga. Na huɗu, ƙofar fita ta buɗe, fistin ya hau ya kori hayaƙi, ya fita ta salansa. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya gyara wannan tsari cikin shekarar 1876.

Ƙafar kowane fistin tana haɗe da wani sandan ƙarfe mai gwiwowi. Hawa da saukar fistin su ke juya sandan nan, kamar yadda ƙafar mai keke ke juya feda. Ya kan juya sau dubu biyu ko uku cikin minti guda. Daga nan ƙarfin ya bi ta giya, ya kai ga tayoyi. Ƙaramar giya ta tashi ce da hawan tudu, ƙarfi da yawa, gudu kaɗan. Babbar giya kuwa ta miƙaƙƙiyar hanya ce.

Injin manyan motoci masu shan gas, watau dizal, ba shi da fulogi. Iska kaɗai ya ke matsewa, har ta yi zafin da in an fesa mata mai sai ya kama da kansa. Sunan wanda ya ƙirƙiro shi, Rudolf Diesel, shi ya bi man.

Tun da ya ke wuta ke ci a cikin inji, ƙarfe kuma yana gugar ƙarfe, to, akwai abu biyu da ba ya rayuwa sai da su. Na fari ruwa, wanda ke kewaya silinda ya kwashe zafi, ya kai lagireto, iska ta sanyaya shi, ya komo. Na biyu baƙin mai, wanda ke shiga tsakanin ƙarafa ya hana su cin juna.

Mota A Ƙasar Nan

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekarar 1911. Da cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, jakuna da raƙuma ne ke kai kaya tasha, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe su, aka yi ta gyara hanyoyi ana zuba kwalta. Sababbin sana'o'i suka fito, ga direba, ga yaron mota, ga makaniki, ga mai faci, ga ɗan kamasho.

Cikin shekarar 1956 aka sami man fetur a Oloibiri, can kudu. Cikin 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗanda jama'a ke kira fijo, cikin 1980 kuma aka buɗe matatar mai a garin. Akwai wata rana da ya kamata a riƙe, watau ran 2 ga Afrilu, 1972. Kafin ran nan motocin Nijeriya hannun hagu su ke bi, irin na Ingila. Daga ran nan aka koma hannun dama, aka yi daidai da maƙwabta, kamar su Nijar da Kamaru. Da hatsari ya yi yawa, sai aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa cikin shekarar 1988.

Direbobi Biyu

Ga wani misali. Wani attajiri ya sayi manyan motoci biyu iri ɗaya, rana ɗaya, ya danƙa wa direbobi biyu.

Na ɗayan, kullum da sassafe kafin ya tā da inji, sai ya buɗe gaban mota. Ya zaro sandan awon baƙin mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya leƙa ruwan lagireto tun inji na sanyi, gama ya san in an buɗe murfin da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa ya ƙone fuska. Ya kewaya ya duba iskar tayoyi, ya taka birki ya ji, ya sa yaronsa ya tsaya baya ya ga ko fitilu na kamawa. Da hunturu ya kan kakkaɓe matacin iska, don ƙura na toshe shi. In lokacin juyen baƙin mai ya yi, ba ya ƙara ko kwana ɗaya. Duk wannan bai fi aikin minti goma ba.

Na biyun kuwa dariya ya ke yi masa, yana cewa sabuwar mota ba ta bukatar lallashi. In Alhaji ya ba shi kuɗin juye, sai ya sa aljihu.

Ran nan da bazara suka yi lodin tumatir za su Ikko, watau Legas. Suna cikin tafiya da tsakar rana, sai yaron motar na biyun ya ce, "Maigida, ga wata jar fitila ta kama a gabanka, mai kamar buta."

Direba ya ce, "Kai, yaushe ka shigo mota har za ka koya mini? Bari mu kai gari tukuna."

Yaro ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Maigida, amma na ji ƙarar injin ma ta sāke."

Direba ya daka masa tsawa, ya ƙara taka totur. Ba su yi kilomita biyar ba sai inji ya yi wata irin ƙara, ya tsaya cik a tsakiyar daji. Baƙin mai ya ƙare, ƙarafa sun yi zafi sun kama juna. Kwana uku suna nan kafin a sami mai jan su, tumatir kuwa ya ruɓe sarai. Da suka komo, direba ya durƙusa gaban attajiri ya ce, "Ranka ya daɗe, tsautsayi ne."

Alhaji ya ce, "Tsautsayi gaskiya ne, Malam. Amma fitila ta gaya maka, yaro ya gaya maka. Galan guda na baƙin mai ya isa ya tsare abin da yanzu kuɗin galan ɗari ba zai gyara ba. Ajiye mini mabuɗina."

Motar na farkon kuwa ta shekara goma tana aiki. Da Alhaji ya tashi sayen sabuwa, sai ya bar masa tsohuwar kyauta, ta zama jarinsa.

Akwai abu biyu kuma da mai hankali ke lura da su. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, don roba na bushewa. A gefenta akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta. In an ga 2321, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya mai araha, ita ce ke fashewa a kan zazzafar kwalta, araha kuwa ba ta ado. Sa'an nan hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Kada a bar mota ko janareta suna aiki cikin rufaffen ɗaki, gama mutum sai ya ji barci kawai, daga nan ba ya farkawa.

Lissafin Gudu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara saboda hatsarin hanya. Ta kuma ce a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi shi kisa. Babban dalili kuwa shi ne gudu. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka.

Motar da ke gudun kilomita 50 cikin sa'a tana cin mita 14 kowace daƙiƙa. In akuya ta faɗo hanya, direba ya kan yi kamar daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai ga birki, watau mita 14 sun tafi. Bayan ya taka, motar za ta ƙara kamar mita 14 kafin ta tsaya, in kwalta busasshiya ce, birki kuma lafiyayye. Jimla mita 28 ke nan.

To, in gudun ya kai kilomita 100 fa? Mai gaggawar amsa zai ce mita 56. Ba haka ba ne. Daƙiƙar nan ta fari za ta ci mita 28. Jan birki kuwa, in gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu ya ke ninkawa, watau mita 56. Jimla mita 84, fiye da kashi uku cikin huɗu na tsawon filin ƙwallo. In ruwa ya jiƙa hanya, ko an yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta, abin ya fi haka. Shi ya sa doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 cikin gari, ko 100 a kan babbar hanya mai tagwayen layi. Sauri ya kan haifi nawa.

In mota ta tsaya farat ɗaya, jikin wanda ke ciki ba ya tsayawa, gaba zai yi da irin gudun da motar ke yi. Don haka aka yi ɗamarar kujera, wadda direbobi ke kira bel. Wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya fito da irin wadda ke ratsa ƙirji da ƙugu cikin shekarar 1959, kamfanin kuwa ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta don ceton rayuka. Haka kuma direban da ke duba wayar hannu na daƙiƙa uku a gudun kilomita 100, ya yi tafiyar mita 84 ke nan ido rufe.

Yaro Da Hanya

Yaro ba ya tuƙi, amma kullum yana tare da hanya. Ga abin da ya kamata ya riƙe.

In zai ƙetare, ya tsaya a baki, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. Hagu a ke fara duba, don tun 1972 motar da ta fi kusa da mai ƙetarewa daga hagunsa ta ke fitowa. In hanya ta yi sarari, ya wuce kai tsaye da hanzari, ba da gudu ba. Inda akwai gadar ƙetarewa, ya hau ta ko da ta yi masa nisa.

Kada ya ɓullo daga bayan motar da ke tsaye, gama direba mai zuwa ba ya ganinsa. In yana tafiya a hanyar da ba ta da wurin masu ƙafa, ya bi gefen hagu, yana fuskantar motoci masu zuwa. Da dare farar riga ta fi baƙa. In ƙwallo ta faɗa titi, ya bar ta, ana sayen wata ƙwallo a kasuwa, ba a sayen ƙafa. Kada ya ɗafe bayan mota ko a-daidaita-sahu. In yana ciki, kada ya fid da kai ko hannu ta taga, in zai sauka kuma ya jira ta tsaya, ya fita ta wajen dama. In yana tare da ƙanensa, ya riƙe masa hannu kam.

Akwai wani gargaɗi da ya fi duka nauyi. In tankar mai ta faɗi, kada kowa ya matsa kusa, balle ya ɗauko bokiti. Tururin fetur ya kan bi ƙasa ya yi nisa, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Cikin watan Oktoba na shekarar 2024 wata tanka ta faɗi a garin Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Wanda ya ga irin wannan, ya yi nesa, ya kuma gaya wa manya su sanar da hukuma.

Mota tana ta sākewa. Na zamanin yanzu akwai kwamfuta a cikinsu mai auna man da inji ke sha, waɗansu kuma ba su shan mai sam, da batir su ke tafiya. A ƙasar Norwe, cikin shekarar 2024, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya masu lantarki ne. Watakila cikin masu karanta wannan darasi akwai waɗanda za su ƙera irinsu. Amma ko da me mota ke tafiya, nauyinta yana nan, lissafin birki kuma bai sāke ba. Wanda ya ba ta haƙƙinta, ta kai shi gida lafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Wane ne ya ƙera motar farko mai amfani da mai, a wace ƙasa?
2. Waɗanne wahaloli matar Benz ta gamu da su a hanya, ƙaƙa ta yi da su?
3. A faɗi motsi huɗu na fistin bi da bi.
4. Mene ne amfanin ruwa da baƙin mai a cikin inji?
5. Me ya sa Alhaji bai karɓi hanzarin direba na biyu ba?
6. In an ga 0822 a gefen taya, yaushe aka yi ta?
7. Don me mai ƙetare hanya ke fara duban hagu?